Daga ɗakin allura zuwa zauren kansiloli: tambayoyin da ma'aikatan jinya ke yawan yi mini

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina aikin jinya a Yamai, kusan rabinsu ina majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, a wata CSI (ƙaramin asibitin unguwa) ta gefen gari, kafin in zauna a majalisar kansilolin da'irarmu. Tun daga nan ƙannena a aiki ba su bar ni na huta ba: a wurin suna, a gaisuwar rasuwa, a saƙon murya na WhatsApp da tsakar dare lokacin da suke gardi, wato aikin kwana a asibiti. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Da "ke" na yi magana saboda mata suka fi tambaya. Namijin da ya karanta ya tsinci nasa.

Hajiya, me ke kai malamar asibiti siyasar gari? Aikinta bai ishe ta ba?

Ni dai rajistar duba marasa lafiya ce ta kai ni. Duk damina sai in ga sunayen lungu uku suna ta maimaituwa a shafin masassarar cizon sauro, kuma lungunan nan duka suna bayan wani kanibo, wato magudanar ruwa, da ya toshe da leda da yashi. Wata safiya wata mata ta kawo ɗanta karo na uku a damina ɗaya, jikinsa zafi rau, idanu sun yi fari. Na yi masa gwaji, na rubuta magani, na fara karatun da muka saba: a kwana cikin gidan sauro, a rufe randa. Ta bari na gama, tana gyara goyo, sannan ta ce, "Majo, gidan sauron na rataya. Ruwan da ke kwance ƙofar gidanmu wa zai kwashe?"

Ban da amsa. Yashe kanibo, kwashe bola, wurin da za a kafa famfo, tsabtar kasuwa da mayanka, duk a hannun ma'aikatar magajin gari suke. Kullum muna cewa rigakafi ya fi magani, alhali rabin rigakafin a ofishin da ba mu taɓa takawa ba ake yanke shi.

Takamaimai wane aiki kansila ke yi?

Ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen da ya kafa majalisun ƙananan hukumomi 265 a Nijar, aka sake a Janairun 2011, sannan ranar 13 ga Disamba 2020. Birnin Yamai da'ira biyar ne, huɗu a wannan gaɓa ta kogi, ta biyar a Harobanda, a lokacin kowace da majalisarta, ga kuma babbar majalisar birni a samansu. Birnin Tawa da'ira biyu gare shi. A tsarin da na yi aiki cikinsa, kansiloli su ke zaɓen magajin gari daga cikinsu, su amince da kasafin kuɗin shekara, su bi sawun yadda aka kashe shi. Zaman majalisa duk bayan wata uku ne, sai in wani abu ya taso a kira na gaggawa. Sarakunan gargajiya suna zama tare da mu, ana jin ta bakinsu, amma ba sa jefa ƙuri'a.

A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A takarda abin ya yi kyau. A aikace nauyin ya riga kuɗin isowa, kuma har na bar majalisa muna jiran su haɗu. Kansila ba ta ɗaukar ma'aikata, ba ta sa hannu a kwangila. Makamanta baki ne, da ƙuri'a ɗaya, da naci.

To ai yanzu babu majalisun. Mene ne amfanin wannan magana?

Gaskiya ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, a Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa gaba ɗaya. Mu 'yan Yamai ma mun taɓa gani, don a 2017 an rusa majalisar birni aka ɗora shugabancin riƙo. Saboda haka duk abin da na faɗa nan game da takara, tsarin da na yi aiki cikinsa nake bayyanawa. Ranar da aka buga gangar zaɓe, ki nemi sabuwar doka ki karanta da idonki.

Amma kanibo bai san an rusa majalisa ba, yana nan yana toshewa, kuma kantoma ma ofis gare shi mai ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za ki iya yi yau yana cikin amsar da ta shafi fafutuka ba tare da kujera ba.

Sai na ajiye aikin gwamnati kafin in shiga?

Kansilanci ba ya cin yinin mutum kullum, shi ya sa malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da dama suka haɗa shi da aikinsu. Kujerar magajin gari kam ba ta haɗuwa da gardi. Wadda ta kai can sai ta bi ɗaya daga hanyoyin da dokar ma'aikata ta tanada, ko dai ta jingine aiki na wani lokaci ba albashi, ko a ba da ita aro ga wata hukuma. Ki je ofishin kula da ma'aikata ki tambayi yadda kowace hanya za ta shafi ƙarin girmanki da fanshonki, kuma ki karɓi amsar a rubuce.

Kuskuren da na yi shi ne musayar gardi da baki. Yau in ce wa wannan "ƙanwata, riƙe mini daren Talata", gobe in ce wa waccan. Ba wadda ta ce a'a, saboda ni ce majo. Sai da wata ta fashe da kuka a ɗakin canza kaya na gane cewa siyasata a bayansu take hawa. Daga ranar na koma rubuta kowace musaya a jadawali, in kuma biya ta.

Ana biyan kansila albashi?

A'a. Kuɗin zama ne da na mota in an yi taro. Sai dai unguwa ba ta yarda da haka ba. Mako ɗaya bayan zaɓe za ki buɗe ƙofa da asuba ki tarar da mutum biyar a zaure, kowa da takardar magani a hannu. Da can suna zuwa ki karanta musu ita, yanzu suna zuwa ki saya. Ki yanke wa kanki abin da za ki iya bayarwa a wata, in ya ƙare ki ce ya ƙare. Wadda ta kasa faɗin haka ita ce ke fara kallon kuɗin da ba nata ba.

Karatun jinya ya wadatar, ko sai na ƙaro wani?

Ko takardar babbar ma'aikaciyar jinya gare ki daga makarantar ENSP Damouré Zika ta Yamai ko ta Damagaram, ko ta ƙaramar ma'aikaciyar lafiya, kin fi da yawa daga waɗanda za ki zauna da su sanin lissafi. Wadda ta saba cika rahoton wata-wata, ta ƙirga allurar rigakafi da ta shigo da wadda ta fita, ba ta tsoron jadawali. Abin da za ki koya sabo shi ne kasafin kuɗi: ina kuɗin ke shigowa (harajin kasuwa, na tasha, na filaye), nawa ke tafiya a albashi da man mota, nawa ya rage na gine-gine. Ki nemi wani tsohon sakataren ma'aikatar magajin gari ya zauna da ke yamma uku. Ni da goro da haƙuri na biya nawa.

Sai harshe. Takardu da Faransanci suke zuwa, muhawara kuwa da Hausa da Zabarmanci take zafi. A Yamai, in Zabarmancinki na gaisuwa ne kawai, ki gyara shi tun yanzu.

Yaya ake shiga jerin 'yan takara? Dokar kason mata ba ta isa ta shigar da ni ba?

A tsarin da muka yi, jam'iyya ce mai jefa ƙuri'a ke zaɓa, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu. Wanda zai hau kujerun kuwa a cikin gida ake yanke shi, kuma can ne ainihin kokawar take. Kowane ɗan takara yana da madadi, mai jiran gado in kujera ta faɗi. Ki buɗe ido: an sha ce wa mace "kina cikin jeri", ta ɗinka anko, ta tara mata, sai daga baya ta ga a madadi aka sa ta.

Dokar kaso ta Yunin 2000 ta ba kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. A 2014 na zaɓe ya koma 15, a 2019 ya kai 25, na naɗi kuma 30. Wannan ba kyauta aka ba mu ba. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titunan Yamai saboda an kusa shirya babban taron ƙasa ba da su ba, kuma ranar ce muke biki duk shekara. Dokar tana tilasta wa jam'iyya ta nemo mata, amma ba ta ce wace mace ba. Shugabanni sun fi son wadda ba za ta ɗaga hannu ba. Ke da kika zo da jama'arki, suna buƙatarki kuma suna shakkarki, ki san da wannan kafin ki zauna ciniki.

Kamfe na cin kuɗi sosai?

Yana ci. Rumfa da kujeru, atamfar mata, sukari da ganyen shayi na samarin fada (majalisar hira ta unguwa), maroƙa, man babura. Albashin jinya ba ya ɗaukar wannan. Nan ne wani alhaji zai aiko a ce miki ya ji labarin kirkinki, yana so ya taimaka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da za a tattauna wa zai samu kwangilar kwashe shara ko filin da ke jikin kasuwa, zai kira ki ya gaishe ki kawai, ke kuma za ki gane gaisuwar.

Nawa kamfen da adashin matan unguwa na yi shi, da ƙafata. Bai yi armashi ba, ko mawaƙi ɗaya ban samu ba. Amma ki duba amsar albashi: kujerar da ba ta biya, bashin da aka ci dominta daga ina za a fitar da shi?

Mutanen da na yi wa jinya su ne jama'ata. Laifi ne in nemi ƙuri'arsu?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini, kuma ita ce aka fi yi a kaikaice. A gidan suna, a kasuwa, a taron unguwa, ki nemi ƙuri'ar kowa. A cikin asibiti, da farar riga a jikinki, ko da wasa kada ki yi. Matar da ke kwance kan gadon awo ba ta da bakin ce miki a'a. In ta ce to, tsoro ne ya amsa, kuma gobe maƙwabciyarta da ke wata jam'iyya za ta yi shawara sau biyu kafin ta kawo ɗanta rigakafi. Yardar da mutane suka ba ki, rigar suka ba, kuma rigar ta dukanmu ce, har da yarinyar da za ta gaje ki a wurin.

Ana saura 'yan makonni zaɓe wani jigon jam'iyyarmu ya same ni a ofis, ya zauna, ya yaba tsabtar wurin. Can ya ce, "Hajiya Majo, littafin nan na masu awon ciki, ai akwai lambobin waya ciki. Aro kawai za ki ba mu na dare ɗaya." Na ce masa, "Alhaji, matarka ma tana ciki. Ka yarda in ba wani?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya tashi. Na ji a jikina daga baya, don an daina kirana wasu tarurruka. Haka nan abin da kika sani na ciwon abokin hamayya ko na iyalinsa, ya mutu a cikinki, ko da shi ya hau mumbari ya zage ki. A majalisa na zauna da mutumin da na san abin da ke cikin littafinsa na asibiti shafi-shafi, muka yi shekaru muna musu kan kuɗin bola, bai taɓa ganin alamar na tuna ba.

Maigida da dangi fa?

Ki faɗa masa kafin ya ji a fada. Ki faɗa wa uwar miji da bakinki, ki kai mata goro. Ke da kika saba kwana a wurin aiki kin riga sauran mata samun sauƙi, don gidanki ya san fitar dare. Bambancin shi ne gardi ba ya jawo zagi, siyasa kuwa tana jawowa, kuma zagin mace a siyasa ba a kan aikinta yake tsayawa ba. Ku yi wannan magana tun kafin ta zo.

In na samu kujera, da me zan fara?

Da ƙaramin abu mai suna da farashi. "A inganta lafiya" ba ya shiga kasafi. "A kewaye CSI kaza da katanga", "a ja mata ruwan famfo", "a sa mai gadin dare don ungozoma ta daina kwana cikin tsoro", "a ware man motar ɗaukar marasa lafiya", waɗannan su ke samun layi. Ki nemi shiga kwamitin da ke duba lafiya da tsabta, amma ki yi abota da na kuɗi, don can ake yanka nama. Ki kuma koyi bambanta abin da ke hannun majalisa da wanda ya fi ƙarfinta. Tun 2006 aka ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, kuma duk mun san yadda jinkirin biyan asibitoci kuɗin ya riƙa barin kantar magani fayau. Kansila ba za ta warware wannan ba. Tana iya sa a rubuta, a aika sama, a kuma daina ɗora wa majo laifin da ba nata ba.

Ranar da ake matuƙar buƙatarki ita ce ranar masifa. A sanƙarau na 2015, da ya kama mutum fiye da 8,000 a ƙasar har aka rufe makarantun Yamai, da ambaliyar Satumban 2020 da kogi ya kai santimita 700 ya shiga Lamorde da wasu unguwannin bakin ruwa, an ga amfanin wanda ya san inda za a kafa wurin wanke hannu, da tazarar da ta kamata tsakanin masai da ruwan sha a makarantar da aka tsugunar da mutane.

Zan iya fafutuka ba tare da kujera ba?

Ƙwarai, kuma a halin da ake ciki ita ce hanyar da ke buɗe. Kowace CSI tana da kwamitin lafiya na jama'ar unguwa, da yawansu barci suke, ki tashe naku. Ga matan da ke bi gida-gida lokacin rabon maganin rigakafin masassara na damina ga yara daga wata 3 zuwa 59, sun san kowane lungu fiye da kowane ɗan siyasa. Ga mai unguwa, ga liman, ga rediyo. In ƙungiya za ku kafa, ku nemi takardar izini daga hukuma tun farko.

Yadda na ga yana aiki: ku zaɓi matsala ɗaya, ku ƙirga ta, ku rubuta a shafi ɗaya, ku tafi ku biyar har da dattijo guda. Adadi za ki kai, ba sunayen marasa lafiya ba (dalilin yana cikin amsar neman ƙuri'a). A karɓi takardarku a buga mata hatimi, ku riƙe kwafi, ku koma bayan mako biyu. Kanibon da na faɗa a amsar farko sai a zuwa na shida aka turo masu shebur.

Ba za a yi mini bi-ta-da-ƙulli a wurin aiki ba?

Yana faruwa. Ba kasafai ake korar mutum ba, sai dai ki wayi gari an canza miki wurin aiki zuwa inda mota ke zuwa ranar kasuwa kawai. Garkuwarki ita ce aikinki ya kasance ba abin kamawa: zuwa kan lokaci, lissafin magani daidai. Ki kuma raba ƙafa biyu. Haƙƙin ma'aikata, albashi da alawus, aikin ƙungiyar ƙwadago ne irin SUSAS ta ma'aikatan lafiya. Maganar unguwa daban take, kada ki cakuɗa su.

Ki kula da waya. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sake tsanantawa a Yunin 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi ta kafofin sadarwa. Saƙon murya da kika yi cikin fushi a rukunin mutum ashirin, kafin magariba ya kai dubu. Ki faɗi abin da kika gani da ranar da kika gan shi, ki bar sunan mutum da zargin da ba ki da takardarsa.

Ni a Tawa nake aiki. Abin da kika faɗa na Yamai ya shafe ni?

Mafi yawansa. Sai dai Adar, yankin da Tawa take, ƙasar 'yan ci-rani ce. Da an gama girbi maza da yawa sun kama hanyar Abijan ko Libiya, gari ya rage na mata da tsofaffi da yara, wato mutanen da ke layin asibitinki kullum. Wannan ƙarfi ne babba, kuma shi ya sa gargaɗin farar riga ya fi kama ki. Garin bai kai Yamai girma ba, kowa ya san gidan su wa kika fito, saboda haka gaisuwar sarakuna da malamai kafin ki fara komai ba a tsallake ta. Matsalar da za ki fi ji kuwa ruwa ce, musamman da bazara, sai tamowar yara kafin sabon hatsi ya shigo.

In wa'adi ya ƙare ko na faɗi, ana iya komawa allura?

Ana iya, in ba ki ƙona gada da abokan aiki ba (koma kan amsar musayar gardi). Abin da ba a faɗa miki shi ne hannu yana mantuwa. Da na koma cikakken aiki, an kawo wani jariri da gudawa ta tsotse, na nemi jijiya sau biyu ban samu ba. Wata yarinya da ni na koya mata aikin tana tsaye gefena, ta ce a hankali, "Inna, in gwada?" Na matsa mata. Sau ɗaya ta sa. Na riƙe mata hannun jaririn har ta gama ɗaure filasta, sannan na ce ta sa ni a jadawalin ɗakin yara na wata guda.